Tambayoyin Masu Karatu: Busar da Mota Bayan Wanki

Wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun fi raja'a a kan abu guda, wato abin da ke faruwa da mota daga lokacin da aka zuba mata ruwan ɗauraya na ƙarshe zuwa lokacin da ta bushe. Na zaɓo waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni da kaina nake wanke motata, kuma ina ɗauraye ta sosai har sai babu sauran kumfa, sannan in bar ta a rana ta bushe da kanta. Amma da zarar ta bushe sai in ga fararen ɗige-ɗige sun rufe bonet da rufi da gilashi, kai ka ce ba a wanke ta ba. Shin sabulun ne ba shi da kyau, ko kuwa fentin ne ya fara mutuwa? Daga wani ma'aikaci mai baƙar mota.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ka wanke sabulu da fenti daga zargi, domin aikin ruwa ne da rana. Ruwan famfo da na rijiya da na burtsatse, ko da ido ya gan shi garai-garai, yana ɗauke da narkakkun ma'adinai, musamman kalsiyam da magniziyam, kuma yawansu ya danganta da irin ƙasa da duwatsun da ruwan ya ratso. Idan ɗigon ruwa ya zauna a jikin mota zafi ya ƙafar da shi, ruwan ne kaɗai ke tashi ya bi iska, ma'adinan kuwa nan suke zama, su bar farin zobe daidai girman ɗigon. Shi ne dai farin abin nan da kake gani ya daskare a gindin butar dafa ruwa da ta daɗe tana aiki. A farar mota ma yana nan, sai dai baƙa ce ke tona asirinsa.

Da a ce munin gani ne kawai, da da sauƙi. Fentin motocin zamani hawa-hawa ne: akwai shafen farko da ke kama ƙarfe, sai launi, sai kuma wani shafe marar launi a sama wanda shi ne ke ba mota sheƙi yana kuma kare launin, kuma a yawancin motoci kaurin wannan shafe na sama bai wuce kashi ɗaya cikin 20 na milimita ba. Baƙar mota da ta tsaya a tsakiyar rana, zafin jikinta yana iya haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, kuma a irin wannan zafi ma'adinan da suka bushe sukan ci cikin shafen, su bar tabon da wanki ba ya fitar da shi. Saboda haka ƙa'ida ta farko ita ce kada a bar ruwa ya bushe a jikin mota da kansa. Mai wanki ne zai cire shi kafin rana ta riga shi.

Ka riƙa yin wankin a inuwa, da sanyin safiya ko da la'asar sakaliya, kuma kafin ka fara ka ɗora bayan hannunka a kan bonet: idan ba za ka iya barinsa a nan cikin natsuwa ba, to ka jira motar ta huce. Yayin da kake wanke gefe ɗaya, ka riƙa watsa wa gefen da ka gama ruwa lokaci-lokaci, ta yadda motar za ta kasance a jiƙe gaba ɗaya har ka kammala.

Akwai kuma wata dabara da ke rage aikin gogewa ƙwarai, ga ta kyauta, amma mutane kaɗan ne ke amfani da ita. A ɗauraya ta ƙarshe, ka cire kan feshi daga bakin tiyo, ka rage ƙarfin ruwan, ka kusantar da tiyon da rufin mota ka bar ruwan ya kwarara a hankali daga sama zuwa ƙasa. Feshi yana tarwatsa ruwa ne ya zama dubban ɗige-ɗige, shi kuwa ruwan da ya sauko a shimfiɗe yana janye ɗigon da ya tarar a hanyarsa ya tafi da shi ƙasa. Wanda ba shi da tiyo yana iya yin hakan da moɗa, yana tsiyayawa sannu a hankali maimakon sheƙawa. Idan motar tana da kakin nan da ake shafa wa fenti domin sheƙi da kariya, za ka ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Wanda ruwan wajensu ke da zartsi sosai, zai ji daɗin yin ɗauraya ta ƙarshe da tataccen ruwa, irin wanda aka cire wa ma'adinai, domin shi ko ya bushe ba ya barin tabo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yaron da ke wanke mini mota yana goge ta da tsohuwar riga, wani lokaci kuma da tsohon tawul na wanka. Kwanan nan na lura idan rana ta haska jikin motar ina ganin wasu siraran zane-zane sun kewaya, alhali motar ba ta taɓa gogar komai ba. An ce in sayi fatar goge mota, wasu kuma sun ce tawul ɗin maikirofaiba ya fi. Wanne zan saya? Daga wata Hajiya.

AMSA: Barka kadai Hajiya. Waɗannan zane-zane da kike gani, mafi yawansu a wajen wanki da gogewa ake samunsu. Abin da ke jawo su ƙwayoyin yashi da ƙura ne da suka maƙale tsakanin tsumma da fenti, aka danna su aka ja. Kowace ƙwaya tana barin karce ɗaya siriri wanda ido ba zai gani shi kaɗai ba, amma idan suka taru suka yi yawa, hasken rana ya faɗa musu, sai su bayyana a matsayin da'irori, sheƙin motar kuma ya dushe. Don haka idan ana auna kowane irin abin gogewa, tambaya biyu ake yi masa: ruwa nawa yake sha ba tare da an danna shi ba, kuma ina yake kai ƙwayar yashin da ya ci karo da ita?

Tsohuwar riga ta faɗi a duka biyun. Ba ta shan ruwa da yawa, dole sai an yi ta dirza, kuma jikinta a shafe yake, ba shi da gashin da ƙwayar yashi za ta ɓuya a ciki, ga maɓalli da ɗinki da rubutun roba da ake mannawa a ƙirji. Tawul na wanka yana shan ruwa, amma idan ya tsufa yakan yi tauri, bakinsa mai kaurin ɗinki yana karce fenti, sannan yana zubar da burbushin zare.

Ita fatar goge mota, wadda ake kira shami, asalinta fatar wata akuyar dutse ce da ke tsaunukan Turai, amma a yau yawanci fatar tumaki ce da aka jeme da man kifi, akwai kuma ta roba da ake sayarwa cikin gwangwanin roba mai murfi. Tana shan ruwa ƙwarai, wannan babu musu, kuma ta yi shekaru ita ce sarauniya a wannan aiki. Aibinta shi ne ita ma shafaffa ce, tana lafewa a jikin fenti, duk ƙwayar da ta shiga ƙarƙashinta sai ta ja ta daga wannan gefe zuwa wancan. Dole ne kuma a jiƙa ta ta yi laushi kafin a fara, a yi ta matsewa a kai a kai, idan ta bushe ta ƙandare. A hannun mai kula, a kan motar da aka wanke tas, ba ta da laifi, amma ba ta yafe kuskure.

Shawarata ita ce maikirofaiba. Zare ne na foliyesta da nailan, yawanci kashi 80 da 20 ko kashi 70 da 30, wanda aka tsattsaga ya zama sirara ƙwarai, ta yadda ruwa ke samun wuraren shiga masu yawa, ƙwayar ƙura kuma ta nutse cikin gashinsa ta yi nisa da fenti. Sai dai ba kowane ƙyallen da aka rubuta wa wannan suna ne ya dace da busar da mota ba. Ki nemi babba mai kauri wanda aka yi musamman domin wannan aiki. Akan rubuta nauyinsa a jikin leda da haruffan GSM, wato giram nawa ke cikin murabba'in mita guda, kuma na busarwa yakan fara daga wajen 500, wasu har sun haura 1,000. Ki duba bakinsa ya zama mai laushi, ki kuma cire takardar da aka ɗinka a gefensa, domin ita kaɗai ta isa ta yi zane.

Sayen tawul rabin aiki ne, sauran rabin yana hannun yaron, don haka ki tsaya ki nuna masa ko sau ɗaya ne. Ya ɗan jiƙa tawul ɗin ya matse shi, domin mai ɗan danshi ya fi busasshe ƙamas saurin shan ruwa. Ya shimfiɗa shi a buɗe a kan rufin mota, ya ɗan bubbuga shi da tafin hannu, sannan ya kama kusurwa biyu ya janyo shi a hankali zuwa wajensa, nauyin tawul ɗin kawai na yin aikin. Daga rufi sai gilasai, sai bonet da murfin but, sai rabin ƙofofi na sama. A gefen mota inda ba a iya shimfiɗawa, ya ninke shi gida huɗu ya riƙa ja a miƙe, yana sauya fuska idan wadda yake amfani da ita ta cika, ban da mulmulawa a kewaye. Ƙasan ƙofofi da bamba suna buƙatar nasu tawul daban, tayoyi da wili kuma wani tsumman na uku wanda ba zai taɓa hawa fenti ba har abada, saboda a nan ne yashi da baƙar ƙurar birki suke taruwa. Ya riƙa duba tawul ɗin yana aiki: idan ya ga ya yi dauɗa, alama ce wankin bai fita ba, kuma abin da ya kamata shi ne a sake wanke wurin. Idan tawul ya faɗi ƙasa, aikinsa na wannan rana ya ƙare, ko da ido bai ga komai a jikinsa ba. Zobe da agogo da kan bel su ma a cire su ko a rufe su, domin mai miƙa hannu zuwa tsakiyar rufi yakan jingina cikinsa da ƙofa bai sani ba.

Tun da muna kan kayan aiki, za ki ga ana tallar wata roba mai baki miƙaƙƙe da ake share ruwa da ita. A kan gilashi tana da kyau da sauri, amma a kan fenti ba na ba da shawararta, domin ƙwaya ɗaya tak idan ta shiga bakinta za ta zana layi daga farkon bonet har ƙarshensa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ba na wahalar da kaina. Ana gama wanki sai in hau titi in taka mota, iska ta busar da ita. Wani abokina kuma yana amfani da injin hura iska. Tun da ana cewa taɓa fenti ne ke lalata shi, ashe ba mu muka fi kowa gaskiya ba? Daga wani direba.

AMSA: Tare da naka ran. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya. Tunaninku ɗaya ne, kuma daidai ne, domin duk abin da ya rage yawan taɓa fenti ya rage karce. Matsalar hawa titi ita ce iskar titi ba mai tsabta ba ce. Jiƙaƙƙen jikin mota yana kama ƙurar da motocin gabanka suka tayar, bayan motar kuma, inda iska ke yin juyi, nan ƙura ta fi taruwa kuma nan ne ruwa ya fi daɗewa. Ɗigon da iska ta ja bai fice gaba ɗaya ba, yakan bar dogon sawu a ƙofa. Mafi muni shi ne wanda zai isa inda za shi, ya ga wannan sawu, ya zaro tsumma ya goge busasshiyar ƙura a kan fenti.

Injin hura iska kuwa hanya ce mai kyau, musamman ga motar da ke da kaki, inda ruwa ke dunƙulewa ya gangara da zarar iska ta taɓa shi. A kan fentin da ya daɗe bai ga kaki ba, ruwan yakan lafe ne ya yi ta yawo, har sai an bi shi da tawul. Ana farawa daga rufi a koro ruwan ƙasa, ana riƙe bakin injin a karkace da ɗan tazara don kada ya bugi fenti, kuma a tabbata ƙasan wurin a jiƙe take, in ba haka ba injin zai tashi ƙura ya mayar wa motar. Idan mai amfani da wutar lantarki ne, a ɗage mahaɗar waya daga ƙasa mai ruwa, kada kuma a kama ta da jiƙaƙƙen hannu. Kwamfuresa irin ta hura taya tana da amfani wajen fitar da ruwa daga lunguna, amma iskarta siririya ce mai ƙarfi, kuma idan ba ta da matata takan fito da ɗigon mai da ruwan da ya kwanta a tankinta, don haka a gwada ta a kan farin ƙyalle tukuna. A ganina haɗa biyun ya fi: iska ta kori mafi yawan ruwan ta kuma zazzage lunguna, tawul ya ɗauke ragowar.

TAMBAYA: Malam, bayan na goge mota ta bushe sarai, da na motsa ta sai ruwa ya tsiyayo daga ƙarƙashin madubi da hannun ƙofa ya ɓata mini aiki. Mene ne maganin wannan?

AMSA: Ruwa ne da ya ɓuya, kuma maɓoyansa sanannu ne: cikin gidan madubin gefe, hannun ƙofa, bayan lambar mota, kewayen fitilu, ragar gaba, murfin tankin mai, tambarin kamfani, da robar da ta kewaye gilasai. Kafin ka yi gogewar ƙarshe, ka buɗe dukan ƙofofi da but da bonet ka rufe su, ka lanƙwasa madubai ka mayar, ka ɗan matsar da motar gaba da baya, sannan ka bi abin da ya zubo da ƙaramin tawul. Ka goge bakin ƙofofi ta ciki da wani tsumma daban, domin wurin yana da maiƙo, kuma ruwan da ke kwana a irin waɗannan wurare shi ne ke share wa tsatsa hanya. Kada ka sauke gilashin ƙofa nan take, domin zai dawo da ruwa daga cikin robar. Kada kuma ka lulluɓe motar da tamfol ko rigar mota sai ta bushe ƙwarai, haka su ma tabarmin ƙafa kada a mayar da su ciki da danshi, in ba haka ba wari da fumfuna za su biyo baya.

TAMBAYA: Duk lokacin da aka wanke motata, ina ganin faifan birki ya yi ja da tsatsa, kuma idan na tashi tafiya birkin yana ƙara. Akwai haɗari? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: Ki kwantar da hankalinki Malama. Faifan birki na yawancin motoci zubin ƙarfe ne, kuma fuskar da birki ke kamawa ba ta da fenti, shi ya sa tsatsa ke hawanta cikin ɗan lokaci kaɗan bayan ta jiƙe. Tsatsar sama-sama ce, taka birki kaɗan ke share ta. Abin lura shi ne jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa da cikakken ƙarfinsa a takun farko, don haka bayan kin gama busar da jikin motar, ki ɗan zagaya da ita a hankali a wurin da babu cunkoso, kina taka birki sannu-sannu har ki ji ya dawo daidai. Wannan ya fi muhimmanci idan za a ajiye motar kwanaki, domin birkin hannu da aka ja a jiƙe aka bari yana iya mannewa.

TAMBAYA: Na sayi tawul ɗin maikirofaiba, da farko yana shan ruwa sosai, yanzu kuwa ya yi tauri yana tura ruwan gaba kawai. Jabu aka sayar mini?

AMSA: Mai yiwuwa ne, amma na fi zargin yadda ake wanke shi. Abu uku ke kashe irin wannan tawul. Na farko ruwan tausasa tufafi mai ƙamshi da ake zubawa a ɗauraya, wanda ke lulluɓe zaren da wani maiƙo ya toshe wuraren da ruwa ke shiga. Na biyu zafi, domin zaren roba ne, tafasasshen ruwa ko dutsen guga ko injin busar da kaya mai zafi sosai suna ƙona bakin zaren ya ƙandare, kuma wannan ba ya gyaruwa. Na uku haɗa shi da kayan auduga a wanki, inda yake kwashe burbushinsu. Ka wanke shi shi kaɗai da sabulun ruwa kaɗan a ruwa mai ɗumi wanda bai wuce digiri 40 ba, ban da bilic, ka ɗauraye shi sosai, kana iya zuba ɗan farin ruwan khal a ɗaurayar domin ya narkar da ragowar sabulu. Ka shanya shi inda ƙura ba ta kaiwa, idan ya bushe ka ajiye shi cikin leda ko akwati mai murfi, kada ka jefa shi cikin but tare da jak da safaya.

TAMBAYA: Malam, ni aikin gama ya gama, tabon ruwa ya riga ya zauna a bonet ɗina kuma wanki bai fitar da shi ba. Akwai abin yi? Daga wani dattijo.

AMSA: Akwai, Baba, kuma a fara da mafi sauƙi. A wanke wurin, a tabbata jikin motar da sanyi kuma tana inuwa, sannan a haɗa farin ruwan khal da tataccen ruwa daidai wa daida, a jiƙa tawul mai laushi da shi a ɗora a kan tabon kamar minti ɗaya, a ɗauke a ɗauraye da ruwa mai yawa a busar. Tsamin khal yana narkar da ma'adinan da suka daskare, amma yana iya tafiya da kakin wurin, don haka sai an sake shafawa. Yana da kyau a fara gwadawa a wani ɗan wuri da ba ya cikin ido. Idan an yi haka sau biyu, wurin ya yi santsi a hannu amma har yanzu ana ganin zoben, to tabon ya riga ya ci cikin shafen sama, kuma sai mai aikin folish ya goge shi da inji. A nemi wanda ya san aikinsa, domin folish yana kankare wani ɓangare ne na wannan siririn shafe, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. A nisanci soson ƙarfe da reza da ruwan wanke bayan gida, waɗanda wasu ke ba da shawararsu. Idan kuma fentin motar irin marar sheƙin nan ne da aka yi shi a dushe da gangan, ba a yi masa folish ko kaɗan, ba a kuma shafa masa kaki na yau da kullum, sai dai a nemi ruwan gogewa da aka yi musamman dominsa, a busar da shi ta hanyar ɗora tawul da ɗagawa ba tare da ja ba.